Yadda Ake Gane Ofishin Bizar Da Ya Dace Wajen Cike Fom Ɗin Neman Zama Na Dindindin A Kanada

Daga cikin tambayoyin da suka fi rikita masu neman izinin zama na dindindin a ƙasar Kanada akwai wadda a ido take kamar ba ta da wani nauyi: wane ofishin biza ne zai duba takardun mai nema? Mutum ya gama jarrabawar Turanci, an tantance masa takardun karatu, ya tara kuɗin da ake buƙata, sai ya zo nan ya tsaya yana tunanin ko Landan ce, ko Accra, ko Legas, ko kuwa wani ofishi da ya ji ana cewa aikinsa na da sauri. Amsar ita ce ba zaɓin son rai ba ne. Doka ce ta yanke, kuma abubuwa biyu kacal take dubawa: ƙasar da mutum yake riƙe da fasfonta, da ƙasar da yake zaune bisa izini. Wannan darasi zai bayyana yadda ake gane ofishin, da guraben da ke cikin fom waɗanda na'urar hukumar ke dogara da su wajen tura fayil inda ya kamata.

Wuraren da ake kira "ofis" ba ɗaya ba ne

Hukumar da ke kula da shige da fice da ba da takardar zama ɗan ƙasa a Kanada ana kiranta IRCC. Tana da wurare iri-iri, kuma rikicin farko yana farawa ne daga haɗa su a kira su da suna ɗaya.

Akwai cibiyoyin karɓa da sarrafa takardu da ke cikin Kanada kanta, kamar wadda ke garin Sydney a lardin Nova Scotia, da ta Mississauga, da ta Ottawa. A nan ake fara duba ko takardun sun cika. Sannan akwai ofishin biza, wanda ke cikin ofishin jakadancin Kanada a wata ƙasa, inda jami'in da ke da ikon amincewa ko ƙin amincewa yake zaune. Ofishin biza ɗaya yakan kula da ƙasashe da yawa, shi ya sa kasancewar Kanada na da ofishin jakadanci a ƙasa ba ya nufin a nan ake duba takardun mutanen ƙasar.

Na uku shi ne cibiyar karɓar takardun biza, wadda aka fi sani da VAC. A Najeriya kamfanin VFS Global ne ke gudanar da su, a Legas da Abuja. Aikinsu ɗaukar zanen yatsu da hoto, da karɓar fasfo su aika, su kuma dawo da shi. Ba su da hannu a hukunci ko kaɗan. Mutumin da ya je Abuja aka ɗauki zanen yatsunsa, ya dawo yana cewa "ofishin bizata Abuja ne", bai fahimci tsarin ba. Zanen yatsu ana iya bayar da shi a kowace cibiya da mutum ya samu damar zuwa bayan ya karɓi wasiƙar umarni, wadda ke ba shi kwana 30. Kuɗinsa dalar Kanada 85 ne ga mutum ɗaya, iyali kuma ba ya wuce 170. Inda aka bayar da shi ba ya sauya ofishin da ke riƙe da fayil.

Abin da doka ta ce

Ƙa'idar ta samo asali ne daga sashe na 11 na dokokin shige da fice da kare 'yan gudun hijira na Kanada, waɗanda suka fara aiki ranar 28 ga Yuni, 2002. Ƙaramin sashe na farko ya ba mai neman bizar zama na dindindin ƙofa biyu. Ta farko, ofishin da ke kula da ƙasar da yake zaune, da sharaɗin an shigar da shi ƙasar bisa doka na tsawon lokacin da bai gaza shekara ɗaya ba. Ta biyu, ofishin da ke kula da ƙasarsa ta asali, wato wadda yake ɗan ƙasa a cikinta. Wanda ba shi da ƙasa ko ɗaya, ana duba inda ya saba zama bisa doka. Masu neman mafaka daga waje suna da nasu tsarin dabam, wannan bayani bai shafe su ba.

Ƙofa ta biyu a buɗe take ga kowa a kowane lokaci. Ɗan Najeriya, ko yana Maleshiya ko yana Jamus, yana da damar a duba takardunsa a ofishin da ke kula da Najeriya. Ƙofa ta farko ce ke da sharaɗi, kuma a nan mafi yawan kurakurai suke faruwa.

Abin lura a cikin lafazin dokar shi ne tana magana ne a kan tsawon izinin da aka ba mutum lokacin da aka shigar da shi ƙasar, ba yawan kwanakin da ya riga ya yi ba. Ɗalibar da ta isa Ingila wata biyu da suka wuce da bizar karatun digiri na biyu mai tsawon wata goma sha shida ta cika sharaɗin, ko da yake ba ta shekara ba tukuna. Haka injiniyan da ke aiki a Saudiyya da iƙama ta shekara guda.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai wanda zai ɗauka ya cika sharaɗin alhali bai cika ba. Ɗan kasuwar da ke riƙe da bizar ziyara ta Ingila mai shekara biyu, ko biyar, ko ma goma, duk shigar da ya yi wata shida kawai aka yarda ya zauna. Shekarun da ke rubuce a jikin bizar suna nuna tsawon lokacin da zai iya ci gaba da zuwa ne, ba tsawon zaman da aka ba shi ba. Haka bizar ziyara ta Amurka take: jami'in filin jirgi ne ke ƙayyade zaman, kuma yawanci wata shida ne. Wanda ya je Umara ya zarce da zama, ba a shigar da shi Saudiyya na shekara ba. Ɗan Najeriyar da ya shiga Ghana ba tare da biza ba a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 aka ba shi. Sai ya karɓi takardar izinin zama sannan za a lissafa Ghana a matsayin ƙasar zamansa ta wannan fuska. Duk waɗannan, ofishinsu shi ne na ƙasarsu ta asali.

Wanda izininsa ya ƙare, ko yake jiran a sabunta masa, ko lamarinsa ke da wata sarƙaƙiya, hanyar da ba ta da gardama ita ce ta ƙasar asali. Mai fasfo biyu kuwa ƙasashe biyu ne na asali a gare shi, amma dole ya bayyana dukansu a fom.

Dalilin ƙa'idar ba ɓoyayye ba ne. Jami'in da ke duba takardun yankin Afirka ta Yamma kullum ya san kamannin sakamakon WAEC, da takardar kammala bautar ƙasa, da takardar shaidar aure ta kotu ko ta masallaci, kuma ya san inda zai tuntuɓa idan yana shakka. Jami'in da ke wata nahiya bai da wannan sabon. Ban da haka, da an bar kowa ya zaɓa, da kowa ya ruga ofishin da aka ce ya fi sauri, kafin wata shida shi ma ya cushe.

Idan miji ko mata ne ke ɗaukar nauyi

Wannan rukuni yana da nasa ruɗanin. Miji na zaune a Toronto yana son ɗauko matarsa daga Kano. Da yake shi ne ke zaune gaban kwamfuta yana cike fom, sai ya riƙa amsa tambayoyin da bayanan kansa. To a idon hukumar, babban mai nema ita ce matar, shi mai ɗaukar nauyi ne kawai. Fasfonta da wurin zamanta ne ke tantance ofishi, ba nasa ba.

Idan kuma matar ta riga ta shiga Kanada da bizar ziyara, hanya biyu ce a gabansu. Suna iya nema a rukunin ma'aurata da ke zaune tare a cikin Kanada, wanda a cikin ƙasar ake duba shi. Ko su nema a rukunin iyali, wanda aka tsara domin waɗanda ke waje. Idan suka ɗauki na biyun, kasancewarta a Kanada bai mai da Kanada ƙasar zamanta ba, tunda baƙo wata shida ake ba shi a al'ada. Fayil ɗin na iya komawa ofishin da ke kula da Najeriya, kuma idan aka kira ganawa, can za ta je. Amfanin wannan rukuni shi ne mai ɗaukar nauyi na da damar ɗaukaka ƙara idan aka ƙi amincewa, abin da babu shi a rukunin cikin gida. Ya kamata ma'aurata su auna wannan tun kafin su latsa zaɓin rukuni a shafin farko.

Yadda tambayar take fitowa a fom

Babban fom ɗin neman zama na dindindin shi ne IMM 0008. A tsofaffin nau'o'insa akwai gurbi tun a shafin farko da ke cewa mai nema ya rubuta sunan ofishin da yake so a duba takardunsa. Kalmar "so" ɗin ce ta yaudari mutane da dama, domin littafin jagora da ke tare da fom ɗin ya maimaita sharuɗɗan sashe na 11 ne kawai. Yawancin bayanan da ake tararwa a intanet game da "zaɓen ofishin biza" daga wancan zamanin suke.

Tsarin ya sauya a mataki biyu. Ranar 1 ga Janairu, 2015 aka fara Express Entry, wanda gaba ɗayansa ta intanet ake yi. Daga watan Satumba na 2022 kuma hukumar ta fara wajabta nema ta intanet ga yawancin sauran rukunonin, ciki har da na ma'aurata, ta wani shafi na musamman na masu neman zama na dindindin. A wannan shafi IMM 0008 da wasu 'yan'uwansa sun koma guraben da ake cikewa kai tsaye a burauza. Yanzu takardu cibiyar cikin Kanada suke fara shiga, daga nan hukumar ce ke tura su. Wasu fayilolin ma a Kanada ake kammala su ba tare da sun fita waje ba, musamman na waɗanda ke zaune a can da izinin aiki.

Wannan bai kashe tambayar ba, ya dai sauya mata kama. Mai nema ba ya rubuta sunan ofishi, amma amsoshin da ya bayar ne ke nuna ofishin. Guraben da suka fi tasiri su ne ƙasar da mutum yake ɗan ƙasa, da ƙasar da yake zaune yanzu, da matsayinsa a cikinta, da ranakun farawa da ƙarewar wannan matsayi.

Gurbin matsayi jerin zaɓi ne: ɗan ƙasa, mai zama na dindindin, baƙo, ma'aikaci, ɗalibi, da sauransu. Abin da ke rubuce a takardar izini shi ake zaɓa, ba abin da mutum yake yi da ransa ba. Wanda ya shiga Dubai da bizar ziyara yana neman aiki baƙo ne, ba ma'aikaci ba. Ranakun kuma daga jikin katin izini ko bizar ake kwafo su. Fom ɗin Kanada shekara yake farawa da ita, sai wata, sai rana. Wanda ya saba da rubuta rana kafin wata yana iya juya 2025-03-11 ya zama 2025-11-03, kuma wannan ɗan juyi kaɗai ya isa ya mai da izinin wata goma sha biyu ya koma na wata huɗu a idon mai dubawa.

Bayan wannan akwai tambayar ƙasashen da mutum ya taɓa zama fiye da wata shida cikin shekaru biyar da suka wuce. Akwai kuma fom IMM 5669, inda ake jero tarihin aiki da karatu da adireshin gidajen da aka zauna ba tare da barin giɓi ba. Jami'i yana ɗora waɗannan a kan juna. Idan IMM 0008 ya ce mutum na zaune a Ingila, IMM 5669 kuma ya nuna yana aiki a Kaduna har zuwa yau, to an haifar da tambayar da za ta ci makonni kafin a warware.

Adireshin aika wasiƙa wani abu ne dabam. Mutum na iya sa adireshin ɗan'uwansa ko na wakilinsa a wata ƙasa domin karɓar saƙo, wannan ba laifi ba ne, kuma ba ya sauya ofishi. Abin da yake laifi shi ne sa wannan adireshin a gurbin wurin zama.

Nemo sunan ofishin

Ga wanda fom ɗinsa ko lardin da ya zaɓe shi ya bukaci sunan ofishi, ko yake son sanin inda fayil ɗinsa zai iya zuwa, wurin dubawa ɗaya ne: shafin hukumar a canada.ca, inda aka jero ƙasashe da ofisoshin da ke kula da su. A kula cewa ƙasa ɗaya na iya samun ofishi biyu, ɗaya na bizar ɗan gajeren zama kamar ziyara da karatu, ɗaya na zama na dindindin. Najeriya misali ce: an daɗe ana duba takardun gajeren zama a Legas, na dindindin kuma a Accra, daga baya fayilolin 'yan Najeriya da yawa suka riƙa zuwa Landan. Nijar da wasu maƙwabtanta masu amfani da Faransanci ofishin Dakar aka haɗa su da shi.

Rabon yana sauyawa, shi ya sa tsohon bayani yake da haɗari. A shekarar 2012 kaɗai Kanada ta rufe sassan biza da dama, ciki har da na Berlin da Tokyo da Kuala Lumpur da Dhaka. A wannan shekarar ce kuma aka rufe ofishin Buffalo a jihar New York, wanda ya daɗe yana duba takardun mazauna Amurka da Kanada, aka mayar da yawancin aikinsa Ottawa. Har yau akwai tsofaffin shafuka da ke cewa a rubuta Buffalo. Kafin a yi aiki da kowane bidiyo ko rubutu, a fara duba shekarar da aka wallafa shi.

Sunayen garuruwa ma suna da tarko. Sydney biyu ce a tsarin hukumar: ta Nova Scotia cibiyar karɓar takardu ce, ta Ostireliya kuma ofishin biza ne mai kula da wancan yanki. Akwai kuma wani tarkon da ya keɓanta da masu jin Hausa. Hausawa suna kiran babban birnin Ghana da suna Ankara, alhali Kanada na da ofishin biza a Ankara ta Turkiyya. Wanda aka faɗa wa da baki cewa ofishinsa "Ankara" ne, ya tabbatar wacce ake nufi kafin ya rubuta ko ya aika saƙo. Ta Ghana a takardun hukumar Accra ake rubutawa.

Matsalolin na'ura

Wasu fom ɗin har yanzu PDF ne, kamar IMM 5476 na naɗa wakili. Da yawa daga cikinsu ba sa buɗewa a Chrome ko Edge, sai dai shafi ya fito da saƙon a jira, kuma jiran ba ya ƙarewa. Fayil ɗin bai lalace ba. An gina shi ne da wani tsari da burauza ba ta karantawa. Maganin shi ne a sauke shi cikin kwamfuta, a buɗe manhajar Adobe Acrobat Reader, sannan a buɗo fayil ɗin daga cikinta. A waya yawanci ba ya aiki, don haka wanda waya kaɗai gare shi gara ya nemi kwamfuta na 'yan sa'o'i.

Fom ɗin da ke da maɓallin Validate, idan aka latsa shi yakan fitar da shafin lambobin zane waɗanda na'urar hukumar ke karantawa. Abin da ke cikin zanen shi ne abin da ke fom a lokacin da aka latsa. Idan aka dawo aka gyara ƙasar zama ko kwanan wata, sai an sake latsawa. A kuma riƙa sauke fom daga shafin hukumar a ranar da za a cike, ba kwafin da wani ya turo ta WhatsApp ba. A ƙasan kowane fom akwai wata da shekarar da aka fitar da shi.

Hujjar izinin zama ita ce ke tabbatar da ƙofa ta farko, don haka a yi mata sikanin mai kyau: shafin bayanan fasfo, bizar, hatimin shiga, da katin izini gaba da baya. Girman kowane fayil bai kamata ya wuce megabait 4 ba. Idan za a matse shi, a buɗe bayan matsewa a tabbatar ranakun na karantuwa, tunda su ne abin da jami'i ke nema.

Masu cikewa a shagon intanet su kula da abu biyu. Burauza na iya cike gurbin ƙasa ko adireshi da bayanan wanda ya yi amfani da kwamfutar kafin su. Sannan imel ɗin da aka sa a fom shi ne inda duk saƙonnin hukumar za su riƙa zuwa, don haka ya zama na mai nema ne, kalmar sirrinsa kuma tana hannunsa.

Abin da kuskure ke jawowa

Sashe na 12 na dokokin ya ce takardar da ba ta cika sharuɗɗan sashe na 10 da na 11 ba, mayar da ita ake yi. Mayarwa ba ƙin amincewa ba ne, amma a lissafin hukumar kamar ba a taɓa nema ba ne, kuma asarar lokaci ce ta fi ciwo. Sakamakon jarrabawar harshe shekara biyu yake aiki, kuma dole ya kasance da rai ranar da aka miƙa takardu. A Express Entry kwana 60 ake bayarwa bayan gayyata. Wanda aka mayar wa takardunsa sai ya sake shiga layi ya jira wata gayyatar, makin shekaru kuwa yana fara raguwa da zarar mutum ya kai 30. Mafi nauyi shi ne batun 'ya'ya. Ana lissafa yaro cikin iyali ne idan bai kai shekara 22 ba kuma bai yi aure ba, kuma a yawancin rukunoni ana tsayar da shekarunsa ne a ranar da cikakkiyar takarda ta isa. Yaron da ke da 21 da wata goma a nema na farko yana iya fita daga lissafi a nema na biyu.

Idan ma ba a mayar ba, akwai wahala a gaba. Wanda ya nuna yana zaune a Ingila alhali ziyara ya je, idan aka kira shi ganawa ko aka nemi fasfonsa a can bayan ya koma gida, shi zai nemo wa kansa hanyar shiga. Kanada ba ta samar wa kowa bizar wata ƙasa.

Wannan duk idan kuskure ne na gaskiya. Wanda ya ƙirƙiri wurin zama da gangan domin fayil ɗinsa ya faɗa ofishin da ake cewa yana sauri ya shiga wani babin. Sashe na 40 na dokar shige da fice ya tanadi haramcin shekara biyar ga wanda ya ba da bayanin ƙarya a kan abin da zai iya shafar hukunci. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Cewa wani ne ya cike fom ɗin ba ya wanke mutum, domin sa hannunsa ne a ƙasa. Duk wakilin da ke karɓar kuɗi dole ya zama mai lasisin aikin shari'a a Kanada ko mai rajista da hukumar masu ba da shawara kan shige da fice ta CICC, wadda ke da rajistar da kowa zai iya bincika suna a cikinta ta intanet. Wakilin da ya yi alkawarin "zaɓa" wa mutum ofishi mai sauri yana sayar da abin da ba shi da shi ne.

Idan an ƙaura bayan miƙa takardu

Nema na iya ɗaukar watanni masu yawa, a cikinsu karatu kan ƙare, kwangilar aiki kan ƙare. Sharaɗin sashe na 11 ranar miƙa takardu yake dubawa, don haka wanda ya nema yana ɗalibi a Ingila sannan ya koma gida bai karya komai ba. Abin da ke kansa shi ne sanar da hukumar sabon adireshi da wuri, ta fom ɗin tuntuɓa da ke shafinta, tare da lambar fayil da lambar shaidarsa ta UCI, da hoton hatimin fita ko sabon izini. Yana iya roƙon a mayar da fayil ɗin ofishin da ke kula da sabon wurin, amma hukumar ce ke yanke ko za ta mayar. Sauyin ƙasa na iya jawo buƙatar sabuwar takardar shaidar 'yan sanda, tunda ana neman ta daga duk ƙasar da mutum ya zauna wata shida ko fiye a jere. Binciken lafiya kuma wata 12 yake aiki, kuma likitan da hukumar ta amince da shi ne kaɗai ke yin sa, a kowace ƙasa yake.

Sanin inda fayil yake a yanzu

Asusun mai nema ba kasafai yake nuna sunan ofishi ba. Wasu lokuta ana gane shi daga wasiƙun da suka zo, ko daga adireshin imel ɗin da ya aiko su. Ana kuma iya tambaya ta fom ɗin tuntuɓa. Hanyar da ta fi ba da cikakken bayani ita ce neman kwafin bayanan fayil daga rumbun hukumar da ake kira GCMS, inda jami'ai ke rubuta duk abin da suka yi. A da sai ɗan Kanada ko wanda ke cikin ƙasar ne ke iya nema a madadin mutum, a kan dala 5. Tun watan Yuli na 2022 wanda ke waje ma yana iya neman bayanan kansa kai tsaye a ƙarƙashin dokar kare bayanan sirri, kyauta, ta shafin gwamnatin Kanada. Wa'adin amsa a doka kwana 30 ne, ko da yake yakan wuce haka.

A shafukan farko na bayanan akwai gurbin babban ofishi da na ofishi na biyu. Babban shi ne ke riƙe da fayil, na biyun kuma yana taimakawa da wani sashe na aikin, kamar tantance takardu ko ganawa. A nan ne kuma mai nema zai ga ƙasar zama da adireshin da aka shigar masa. Idan ya tarar da abin da bai dace da takardunsa ba, ya aika gyara ta fom ɗin tuntuɓa tare da hujja a cikin PDF guda, ya kuma adana saƙon tabbatarwar da zai shigo imel ɗinsa.